Tambayar suna ta baya a kan adireshin cikin gida

Tambayar suna ta baya a kan adireshin cikin gida tambaya ce da kwamfuta take aikawa ga tsarin sunaye na intanet, wato DNS, tana neman sunan wata na'ura mai adireshi irin 192.168.1.20 ko 10.0.0.5. Irin waɗannan adireshi an keɓe su ne domin amfanin cikin gida, ofis, makaranta ko kamfani, kuma ba su da mai su guda ɗaya a duniya. Saboda haka idan tambayar ta fita daga cikin hanyar sadarwar da aka yi ta, babu wata sabar waje da za ta iya ba da amsa mai amfani. Sabobin imel suna daga cikin manyan masu yin wannan tambaya, domin an gina yawancinsu a kan su nemi sunan duk na'urar da ta tuntuɓe su, ta waje ce ko ta cikin gida. Abin da yake biyo baya shi ne jinkiri wajen tura saƙo, wani lokaci ƙin karɓar saƙon ma'aikacin gida, fitar bayanan tsarin ofis zuwa waje, da kuma lodi marar dalili a kan sabobin DNS na duniya. Yawan irin waɗannan tambayoyi ne ya sa aka kafa aikin AS112 a shekarar 2002.

Adireshin cikin gida

Tsarin IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai, kuma tun farkon shekarun 1990 aka ga cewa ba za su ishi duniya ba. A watan Maris na 1994 aka fitar da takardar RFC 1597, sannan a watan Fabrairu na 1996 RFC 1918 ta maye gurbinta. Takardar ta ware rukuni uku waɗanda kowa zai iya amfani da su ba tare da neman izini ba:

10.0.0.0 zuwa 10.255.255.255, adireshi 16,777,216
172.16.0.0 zuwa 172.31.255.255, adireshi 1,048,576
192.168.0.0 zuwa 192.168.255.255, adireshi 65,536

Akwai kuma rukunin 169.254.0.0/16, wanda kwamfuta take bai wa kanta idan ba ta sami mai raba adireshi ba, da rukunin 100.64.0.0/10 da aka ware a watan Afrilu na 2012 cikin RFC 6598 domin kamfanonin sadarwa da suke haɗa dubban kwastomomi a bayan adireshin waje ƙalilan.

Sharaɗin amfani da su shi ne kada su fita. Na'urar da take bakin ƙofar gida, wato rauta, ita take musanya adireshin ciki da na waje kafin bayani ya shiga intanet. Wannan musanya ita ake kira NAT. RFC 1918 ba ta tsaya kan bayanin kansa ba. Ta ce duk wani abu da yake ambaton waɗannan adireshi, kuma ta kawo bayanan DNS a matsayin babban misali, ya kamata a riƙe shi a cikin ma'aikata.

Adireshin cikin gida yana aiki ne kamar kalmomin da ma'anarsu ta rataya a kan mai magana da wurin da yake, irin su "nan", "gidanmu" ko "ɗakin Inna". Cikin gida kowa ya san ɗakin Inna. Amma wanda ya tsaya a tashar mota a Sakkwato yana tambayar ina ne ɗakin Inna, ba ƙarya ya yi ba, ba kuma kuskuren nahawu ya yi ba. Ya dai kai tambayar inda ba ta da amsa. Lambar 192.168.1.20 tana iya zama firinta a wani ofis a Wurno, wayar ɗalibi a Zariya, da kyamarar tsaro a Jamus, duk a lokaci guda.

Yadda tambayar baya take tafiya

Aikin DNS na yau da kullum shi ne a ba shi suna ya dawo da adireshi. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, kuma takardun RFC 1034 da RFC 1035 na watan Nuwamba 1987 su ne tushensa har yanzu. Tambayar baya kishiyar wannan ce: a ba shi adireshi ya dawo da suna. Domin DNS sunaye kawai ya iya bincika, sai a mayar da adireshin ya zama suna. Ana juya lambobin huɗu daga ƙarshe zuwa farko, a liƙa musu in-addr.arpa. Adireshi 192.168.1.20 sai ya koma 20.1.168.192.in-addr.arpa, kuma nau'in bayanin da ake nema a ƙarƙashin wannan suna shi ake kira PTR.

Dalilin juyawar shi ne adireshin IP yana farawa da babban rukuni ya gangara zuwa ƙarami, shi kuwa sunan DNS yana farawa da ƙarami ya hau zuwa babba, kamar yadda ake rubuta adireshin wasiƙa daga lambar gida zuwa unguwa, gari da jiha. Da aka juya, sai ya yiwu a damƙa wa kowace hukuma reshen da ya dace da adireshinta. A Afirka hukumar AFRINIC, mai hedikwata a Mauritius, ita take riƙe da rassan manyan rukunan adireshin da aka ba nahiyar, ta kuma miƙa ƙananan rassa ga kamfanonin da ta ba adireshi.

Ga adireshin cikin gida babu kamfanin da za a miƙa wa reshen. Idan sabar DNS ta ofis ba ta da amsa a wurinta, sai ta bi hanyar da ta saba. Ta tambayi ɗaya daga cikin sabobin tushe, su tura ta ga sabobin in-addr.arpa, waɗanda ICANN da hukumomin yankuna biyar suke gudanarwa, su kuma su tura ta ga sabobi biyu masu suna blackhole-1.iana.org da blackhole-2.iana.org. Amsar waɗannan biyu kullum ɗaya ce: NXDOMAIN, ma'ana babu wannan suna. An yi tafiya mai zango uku domin a ji abin da aka riga aka sani tun kafin a tashi.

Me ya sa sabar imel take tambaya

Ƙa'idar tura imel ita ce SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a RFC 821 a watan Agusta 1982, kuma RFC 5321 ta watan Oktoba 2008 ita ce aka fi dogaro da ita yanzu. Ƙa'idar ta wajabta wa kowace sabar da saƙo ya bi ta kanta ta ƙara layi mai farawa da Received a saman saƙon, wanda yake nuna daga ina ta karɓe shi da kuma yaushe. Sabobi sun saba sanya sunan na'urar da ta kawo saƙon kusa da adireshinta, kuma kafin su sami sunan sai sun yi tambayar baya. Wannan shi ne dalili na farko, kuma na ajiye tarihi ne kawai.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne yaƙi da saƙonnin banza. Sabar imel ta gaskiya galibi tana da suna mai kyau a PTR, kuma idan aka tambayi wannan sunan ta gaba, adireshin da aka fara da shi ne yake dawowa. Kwamfutar gida da ƙwayar cuta ta kama tana watsa saƙonni kuwa, sau da yawa ba ta da suna, ko sunanta jerin lambobi ne da kamfanin sadarwa ya ƙirƙira. Wannan gwaji mai ƙafa biyu ya zama ruwan dare, har daga watan Fabrairu na 2024 Gmail ya sanya shi cikin sharuɗɗan da masu aiko masa da saƙo za su cika. Ga na'urar da ta zo daga waje gwajin yana da ma'ana. Ga kwamfutar akawu da ke ɗakin kusa ba shi da ita, domin sabar ta riga ta san 'yar gida ce, kuma abin da ya kamata ya tabbatar da ita shi ne sunan mai amfani da kalmar sirri.

Manhajojin sabar imel da aka fi sani duk suna yin tambayar. Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, tana yin ta ga kowace haɗuwa muddin ba a kashe saitin smtpd_peername_lookup ba, kuma idan ba ta sami suna ba sai ta rubuta kalmar unknown a gaban adireshin cikin rajistar aikinta. Wanda ya buɗe rajistar ya ga layuka da yawa masu unknown[192.168.1.20] ya ga alamar wannan al'amari. Exim, wadda Philip Hazel ya fara a Jami'ar Cambridge a 1995, tana da saitin host_lookup, kuma fayil ɗin saiti da take zuwa da shi ya sanya masa tauraro, wato a tambayi sunan kowa. Sendmail ta Eric Allman, wadda ta girme su duka, ita ma haka take yi.

Akwai hanya ta uku da ba a cika lura da ita ba. Manhajojin tace saƙo suna karanta layukan Received, suna ciro adireshin da ke ciki, suna tambayar jerin baƙin suna irin na Spamhaus ko an san adireshin da laifi. Wannan tambayar ma ta DNS ce, kuma da juyayyun lambobi ake yin ta, misali 20.1.168.192.zen.spamhaus.org. Manhaja mai kyau irin SpamAssassin tana tsallake adireshin cikin gida, amma ƙaramin shirin da wani ma'aikaci ya rubuta da kansa, ko dokar da aka sanya a wurin da bai dace ba, ba lallai su tsallake ba.

Illolin

Illar da mai amfani yake ji a jikinsa ita ce jinkiri. Sabar tana yin tambayar ne kafin ta gaishe da na'urar da ta tuntuɓe ta, don haka mai tura saƙo yana zaune yana kallon alamar aikawa tana juyawa alhali ba a fara karɓar ko harafi ɗaya ba. Idan intanet tana lafiya, jiran bai kai sakan ɗaya ba. Matsalar tana girma ne idan amsa ba ta zo ba sam. A kwamfutocin Linux, saitin asali shi ne a jira sakan 5, a gwada sau 2, kuma ana iya lissafa sabobin DNS har 3. Ofis mai sabar DNS ɗaya zai jira kimanin sakan 10 a kowace haɗuwa, mai uku kuwa yana iya kaiwa kusan 30. RFC 5321 ta ce sabar da take aikowa ta haƙura har minti 5 tana jiran gaisuwa, amma firinta mai tura hoton takarda ta imel ko manhajar waya ba su cika yin wannan haƙuri ba, sai su ce an kasa.

A nan akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin "babu" da shiru. Amsar NXDOMAIN amsa ce, kuma RFC 2308 ta 1998 ta ba da damar a ajiye ta na wani lokaci. Manhajar BIND tana riƙe irinta har awa 3 a saitinta na asali. Shiru ba amsa ba ne, kuma takardar ta hana a riƙe gazawar sabar fiye da minti 5. Saboda haka ofis ɗin da katangar tsaronsa take jefar da tambayoyin ba tare da cewa komai ba ya fi wahala a kan wanda ya bar su suka fita. Mai saita katangar ya yi niyyar hana fita, ya kuma hana, amma ya mayar da jiran rabin sakan ya zama na sakan goma, ana maimaitawa dukan yini.

Jinkirin yana iya zama cunkoso. Postfix, alal misali, tana buɗe ayyuka 100 a lokaci guda ga kowace hidima a saitinta na asali. Idan kowane aiki ya tsaya yana jiran DNS, sai su cika, na'ura ta 101 ta tsaya a layi ko da ba ta da wata matsala.

Illa ta biyu ita ce ƙin karɓar saƙo. Mai kula da sabar yana iya sanya dokar reject_unknown_client_hostname domin korar masu saƙonnin banza, ya manta bai sanya permit_mynetworks ko permit_sasl_authenticated a gabanta ba. Postfix tana bin dokokin ne ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka jera su, don haka sai ta mayar wa ma'aikatan gida amsa mai lamba 450, wato a sake gwadawa an jima. Sake gwadawar ba za ta canja komai ba, domin sunan da ake nema babu shi.

Illa ta uku fitar bayani ce. Kowace tambaya tana gaya wa wanda ya karɓe ta cewa a bayan wannan adireshin waje akwai na'ura mai lamba kaza, kuma ta yi motsi a lokaci kaza. Tambayar DNS ta gargajiya ba a rufe take ba, duk wanda ke kan hanya yana iya karantawa. Wannan ba babban sirri ba ne, kuma wasu suna zuzuta shi fiye da kima, amma tarin tambayoyin wata guda ya isa ya nuna yawan na'urorin ofis, yadda aka raba su, da lokacin da ake buɗewa da tashi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ke kan hanya yana iya ƙirƙiro amsa, kuma sabar da take ba da izini bisa suna ba tare da gwaji mai ƙafa biyu ba tana iya yarda da shi.

Akwai wani yanayi da yawan tambayoyin alama ce ta cuta mafi girma. Idan aka saita rauta ko manhajar Docker ta yadda take musanya adireshin mai shigowa da nata, sabar imel za ta ga kowa a duniya yana zuwa daga 192.168.1.1 ko 172.17.0.1. Duk tambayoyinta na baya sun zama na cikin gida, gwajin saƙonnin banza ya mutu, kuma idan an ba rukunin cikin gida izinin tura saƙo ba tare da kalmar sirri ba, to an ba duniya duka wannan izini. Irin wannan sabar ba ta daɗewa kafin masu saƙonnin banza su gano ta, adireshinta na waje ya shiga jerin baƙin suna, saƙonnin ofis na gaskiya su daina isa.

Tarihi da aikin AS112

A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, masu kula da sabobin tushe sun lura cewa mafi yawan abin da yake iso musu shara ne. A wancan lokaci sabobin tushe su ne kuma suke riƙe da in-addr.arpa. Duane Wessels da Marina Fomenkov sun nazarci tambayoyi sama da miliyan 152 da suka iso sabar tushe ta F cikin awa 24 a watan Oktoba 2002, suka tarar kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai suke da dalili. Mafi yawan sauran maimaici ne na tambayar da aka riga aka amsa. Tambayoyin baya na adireshin cikin gida ba su kai kashi 2 cikin 100 ba a wannan ƙidaya, amma a irin wannan yawa hakan ya haura tambaya miliyan biyu a yini a sabar tushe guda.

Ba tambayoyi kaɗai ba ne. Windows 2000 ta zo da ɗabi'ar yi wa kanta rajista a DNS ta hanyar saƙon sabuntawa na RFC 2136. Kwamfuta mai adireshin cikin gida sai ta nemi sabar da take shugabantar reshen, ta aika mata buƙatar a rubuta sunanta. Idan ofis ba shi da nasa reshen, buƙatar tana zuwa ga sabar da aka ambata a bayanin reshen na duniya, wato prisoner.iana.org, wadda take ƙin karɓa, kwamfutar kuma ta sake aikowa.

Aikin AS112 ya ɗauki sunansa daga lambar hanyar sadarwa ta 112. Dabararsa ita ce a bar masu sa-kai a ko'ina su kafa sabobi masu adireshi iri ɗaya, su shelanta shi ta ƙa'idar BGP, sai tambaya ta tafi ga wadda ta fi kusa a tsarin hanyoyi. Adireshin su ne 192.175.48.1 ga prisoner, 192.175.48.6 ga blackhole-1, da 192.175.48.42 ga blackhole-2. Rassan IPv4 da aka damƙa musu tun asali 19 ne: ɗaya na rukunin 10, goma sha shida na rukunin 172, ɗaya na 192.168, ɗaya na 169.254. Jami'o'i, kamfanonin sadarwa da cibiyoyin musayar intanet ne suka fi ɗaukar nauyin sabobin, ƙungiyar DNS-OARC kuma tana taimakawa wajen daidaita aikin.

A watan Yuli na 2011 aka fitar da takardu uku a jere. RFC 6303 ta Mark Andrews ta ce kowace sabar DNS mai yi wa jama'a bincike ta riƙa amsa waɗannan rassa da kanta, kada ta fitar da su. RFC 6304 ta bayyana yadda ake kafa sabar AS112. RFC 6305 kuwa an rubuta ta ne domin masu kula da ofisoshi da suke ganin amsoshi daga prisoner.iana.org a katangar tsaronsu, su ɗauka hari ake kawo musu, su yi ta aika ƙorafi. Takardar tana yi musu bayanin cewa amsar tambayar da na'urorinsu suka yi ce take dawowa. A watan Mayu 2015 RFC 7534 ta maye gurbin RFC 6304, RFC 7535 kuma ta ƙara hanyar tura sababbin rassa zuwa empty.as112.arpa ba tare da an sake saita kowace sabar sa-kai ba.

AS112 ya rage wa sabobin tushe nauyi, amma bai warkar da komai a ofis ɗin da tambayar ta fito ba. Tambayar tana nan tana fita, tana jira, tana dawowa da "babu".

A Najeriya da gabashin Sakkwato

Adireshin cikin gida ya fi yawa a ƙasashen da suka shigo intanet bayan an rabe mafi yawan IPv4. Ma'ajiyar IANA ta ƙare ranar 3 ga Fabrairu 2011, AFRINIC kuma ta shiga mataki na biyu na tsuke rabon abin da ya rage mata a watan Janairu 2020. Mai wayar hannu a Wurno, Rabah ko Goronyo da ya duba bayanan wayarsa sau da yawa zai ga adireshi mai farawa da 10 ko mai faɗawa cikin rukunin 100.64. Idan ya kunna ƙaramar rauta ta MiFi domin kwamfutocin shago, sai a sami hawa biyu na musanya: na shagon da na kamfanin sadarwa.

Wannan ba ya nufin Gmail yana tambayar adireshin cikin gidan mai wayar. Sabar waje adireshin waje na kamfanin sadarwa take gani. Matsalar tana tasowa ne inda aka ajiye sabar a cikin gini ɗaya ko hanyar sadarwa ɗaya da masu amfani da ita. A ƙananan hukumomi irin waɗannan mutane sun fi amfani da imel na kyauta a waya, ofis mai sabar imel ta kansa ba shi da yawa, amma ɗabi'ar ba ta imel kaɗai ba ce. Manhajar ajiye bayanai ta MySQL tana tambayar sunan mai haɗuwa sai an sanya skip-name-resolve. OpenSSH ta yi haka shekaru da yawa kafin nau'i na 6.8 a 2015 ya kashe UseDNS a saitin asali. Duk wurin da yake da sabar cikin gida, kamar ɗakin ajiye bayanan marasa lafiya, ɗakin kwamfuta na makaranta ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, yana iya cin karo da ita.

Nisa yana ƙara nauyin abin. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, ta fara ne a Legas, kuma a gaɓar Legas manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka. Inda ake amfani da tsohon nau'in tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, tambaya da amsarta suna yin wannan nisa sau huɗu, wato kusan rabin sakan kafin a ƙara komai, kuma zango uku na tambayar farko suna ninka shi.

Babbar hasarar tana bayyana ne ranar da hanyar waje ta yanke. A watan Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin teku da dama, ciki har da WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya. A irin waɗannan ranaku amfanin sabar cikin gida shi ne aikin ciki ya ci gaba. Amma a ɗauki misalin ofis da yake da na'urar ɗaukar hoton takardu, za ta tura takardu 60 ɗaya bayan ɗaya zuwa sabar da ke ɗakin kusa. Idan kowace haɗuwa ta jira sakan 10, an ɓata minti 10 ana jiran amsa daga waje a kan aikin da bai bar ginin ba, idan ma na'urar ta haƙura ta jira. A wurin da ake aiki da janareta ko batirin sola, wannan lokaci kuɗi ne.

Gyara

Gyaran da ya fi inganci a DNS ake yin sa, ba a sabar imel ba, domin yana warkar da dukan manhajoji lokaci guda. Ofis ya kafa nasa reshen baya, misali 1.168.192.in-addr.arpa, ya rubuta wa kowace na'ura suna. Da haka tambayar ta daina zama ta banza: rajistar aiki za ta nuna sunan firinta ko kwamfutar akawu maimakon unknown, wanda yake sauƙaƙa bincike idan wata na'ura ta fara watsa saƙonni. Manhajar dnsmasq, wadda take cikin rautoci da yawa, tana yin wannan da kanta ga na'urorin da ta raba wa adireshi.

Wanda ba ya son wahalar rubuta sunaye ya wadatu da reshe marar komai, mai amsa "babu" nan take. Sababbin nau'o'in BIND da Unbound suna zuwa da wannan a kunne, a dnsmasq kuma saitin bogus-priv ne yake yin sa. Sharaɗin shi ne sabar DNS ɗin ta kasance a cikin gida. Ofis ɗin da ya rubuta 8.8.8.8 kai tsaye a sabar imel ɗinsa zai sami amsar "babu" da sauri muddin hanya tana buɗe, amma tambayar ta fita, kuma ranar da hanya ta yanke jiran sakan goma ya dawo.

Reshe marar komai yana da nasa tarko. Idan ofis yana da sunayen baya a wata sabar, misali ta Windows, sannan aka sanya Unbound a gabanta, Unbound za ta riƙa amsa "babu" kafin tambayar ta isa inda amsar take. Dole a cire reshen daga jerin na asali da kalmar nodefault, a kuma nuna mata sabar da za ta tambaya.

A ɓangaren sabar imel, abin da ya dace shi ne a raba ƙofa. Ƙofa ta 25 ta sabobin waje ce, a bar mata tambayar baya da gwaje-gwajenta. Ƙofa ta 587, wadda RFC 6409 ta tanada domin masu amfani su miƙa saƙonninsu, da kalmar sirri ake shigarta, kuma a Postfix ana iya kashe smtpd_peername_lookup a kanta ita kaɗai cikin fayil ɗin master.cf. A Exim ana rubuta rukunan cikin gida da alamar motsin rai a gabansu cikin host_lookup kafin tauraron, sai a tsallake su. Kashe tambayar ga kowa da kowa shi ne gyaran da aka fi gaggawar yi, kuma shi ne mafi muni, domin yana zubar da gwajin da yake da amfani ga baƙi saboda ya dami 'yan gida.

Ana iya gwadawa da umarnin dig -x 192.168.1.20 a kan sabar. Amsar tana nuna tsawon lokacin da ta ɗauka, kuma idan sunan prisoner.iana.org ya fito a sashen hukuma, galibi alama ce tambayar ta fita har ta kai ga AS112.

IPv6 da home.arpa

IPv6 yana da nasa adireshin cikin gida, masu farawa da fd, waɗanda RFC 4193 ta tsara a 2005, da masu farawa da fe80 na haɗin kusa. Reshensu na baya yana ƙarƙashin ip6.arpa, ana kuma juya lambobin harafi ɗaya-ɗaya har 32, don haka reshen rukunin fd shi ne d.f.ip6.arpa. RFC 6303 ta haɗa da su cikin rassan da za a amsa a gida. Rukunin 100.64.0.0/10 bai wanzu ba lokacin da aka rubuta ta, sai RFC 7793 ta 2016 ta ƙara rassansa 64, daga 64.100.in-addr.arpa zuwa 127.100.in-addr.arpa, tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba tana iya rasa su. A 2018 RFC 8375 ta ware sunan home.arpa domin na'urorin gida, kuma a DNS na duniya an damƙa shi ga sabobin blackhole-1 da blackhole-2, domin tambayoyin da suka kuɓuce daga gidaje su tarar da mai ce musu babu.